Jitar Baba Mai Tsirkiya Huɗu

Jiya da dare mafarki ya kai ni wani gari, ni da Baba.

Shekara talatin Baba yana kaɗa jita a gidajen biki. Da yatsunsa suka fara ƙin lanƙwasuwa sai ya rataye ta, ya sayo jitar bes mai tsirkiya huɗu masu kauri, wai ta rage masa zaman banza. Wannan ko a farke haka yake. Abin da mafarkin ya ƙara shi ne, a garin nan sauti mai nauyi ƙasa yake nutsewa, ya ja mai shi.

A tasha muke. Motoci na zaune a kan benci suna jiran fasinjoji su goya su. Baba ya taɓa tsirkiya, dum, ya nutse zuwa idon sawu.

Sarkin tashar wani ƙadangare ne mai tabarau. Ya ce mini, "In wani ya ce masa yana jin kiɗan, ƙasa za ta sake shi. Amma baki da baki."

Ni kuwa 'yar fari ce. Tunda aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, ban kuma taɓa yi masa magana sai ta bakin wani ba.

Sai ga ni a madafa. Inna na tsoma ƙosai a mai, yana fitowa wake.

"Inna, Baba na nutsewa. Zo ki ce masa kina ji."

"Tsohuwar jitar dai ina jin ta. Wannan kuwa kamar ƙugin ciki. Miƙo min gishiri."

Sai ga Kawu Sanda, tsohon mai gangar su Baba, yana alwala da yashi a bakin rijiya. Na roƙe shi. Ya shafa gefen kansa, sumul.

"Ɗiyata, kunnuwana na baro a gidan biki tun tuni."

Da na koma tasha, ƙasa ta kai wa Baba ƙirji. Ya ɗaga jitar sama da kansa yana kaɗawa a hankali. Ya dubi wata mota maimakon ni, ya ce, "Ku ce wa waccan ta matsa, kar zanenta ya ɓaci."

Na ce wa ƙadangaren, "Ka gaya masa kullum ina jin jitar nan ta bango. Ka ce ta fi tsohuwar daɗi."

"Ba a aike a garin nan," in ji shi.

Na durƙusa kusa da Baba. Na buɗe baki. Ya kawar da kai don kunya, ni ma na sunkuyar da nawa. Muna haka ƙasa ta rufe hularsa. Kiɗan bai tsaya ba, yana taso mini ta tafin ƙafa.

Na kifa fuskata a ƙasa, na ce, "Baba, ina ji."

Injin markaɗen maƙwabta ne ya amsa mini. Gari ya waye, an riga an fara niƙa.