Cinyar Gwanki

Shekarar da Madam, wata Baturiya, ta zo Madarunfa da akwatinta mai ɗaukar magana, ni Illo na yi mata tafinta. Bincike take yi a kan zaman kaso, wai tana son ta ji daga bakin 'yan kaso da kansu. Kowa ta zauna da shi sai ta sa in gaya masa abu biyu: ba dole ba ne ya yi magana, kuma ba za ta fitar da sunan kowa ba. Ni kuwa ina faɗa ina danne dariya, don Tanko gardi na tsaye bakin ƙofa da bulalarsa, shi ke zaɓo mana masu son magana.

Ran nan ya turo mana Abarshi, maharbi daga Gabi. An ɗaure shi ne saboda gwankin da aka kashe a dajin da kwamanda, mai mulkin yankin, ya hana farauta. Kowa ya san da ƙanensa Yaro suka yi, amma Abarshi ya sha duka bai faɗa ba, don kada gona ta rasa mai noma.

Madam ta murɗa akwati, ta tambaye shi yadda ya shigo nan. Abin da ba ta sani ba, maharbi ba ya ba da labarin nama a zaune. Abarshi ya miƙe, ya buga ƙafa, ya ɓarke da kirari. Ya ambaci kansa, ya ambaci ubansa da kakansa, murya har bakin tafki. 'Yan kaso suka taso suna amsawa, mai shara ya ɗaga tsintsiya sama yana rawa. Ni kaina kafaɗata ta fara motsi. Sai na ji ya ce kibiyar fari ta Yaro ce.

Na gaya wa Madam, fuskarta ta yi ja, ta kai hannu ga akwati. To akwati ana iya goge shi, kunnen Tanko fa? Ga shi ya leƙo, yana murmushi.

Amma kirari ba ya tsayawa sai an raba nama. A cikin kirarin Abarshi ya ba sarkin noma ƙirji, ya ba Inde mai fura hanta, sannan ya nuna ƙofa da yatsa.

"Cinya kuwa ta Tanko gardi! Shi da iyalinai suka cinye ta!"

Kaso ya kece da dariya. Tanko ya jingine bulala, ya shigo ya durƙusa gaban akwati.

"Madam, don Allah, wannan abu yana mantuwa?"

Ta ce yana yi, in mai gadin ƙofa ma yana yi. Tanko ya rantse bai ji komai ba tun safe.

Ta goge, tana kusan kuka, don ba ta taɓa ɗaukar abu mai daɗin wannan ba. Yaro ya yi nomansa lafiya. Abarshi kuwa har aka sake shi bai ƙara gaishe mu ba, wai mun zubar masa da kirari.