Gonar Murjani a Ɗakin Baba

Babanmu, Alhaji Maiwada, sau ɗaya tak ya taɓa yin nisa da garinmu Dayi, amma tafiyar ta isa tafiya. Yana saurayi ya bi ayarin Makka ta ƙasa, guzuri ya yanke masa a bakin teku a Sudan, ya zauna can yana taya masunta aiki a kwalekwale. Abin da ya dawo da shi bayan hajji shi ne labarin wata gona a ƙarƙashin ruwa. Murjani ne mai rai, duwatsu masu fure, in ji shi, wasu shuɗi wasu ja, kifaye na kiwo a tsakaninsu kamar tumaki. Mun ji labarin nan har mun haddace, duk da haka in ya fara ba mai tashi.

Ranar da likita a Funtua ya ce hawan jinin ido ne ke cin ganinsa daga gefe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, na ƙudura a raina sai ya sake ganin gonar nan kafin idon ya rufe. Ni ce fa Asma'u, autarsa, malamar makaranta a Malumfashi, wadda ko rafi ban taɓa shiga ya wuce mini gwiwa ba.

Wani mai sayar da kifin ado a Legas ya ɗoro mini kaya a motar Funtua: akwatin gilashi wanda bai fi faifai biyu faɗi ba, buhun gishirin teku, farin yashi, ɗan injin kaɗa ruwa, fitila shuɗiya, da duwatsu jiƙaƙƙu a cikin leda. Ya ja mini kunne a waya cewa duwatsun masu rai ne. Akwai ƙananan halittu a jikinsu da ido ba ya gani, su ke gyara ruwan, kuma sai sun yi makonni suna aikinsu kafin a saka murjani ko kifi.

Damina ce, sai na tari ruwan sama mai tsabta, na dama gishirin a ciki, na jona injin da wutar sola ta gidan. Wajen jera duwatsu kuwa Baba ya karɓe ragama. Ya matso da kujera har hancinsa na taɓa gilashi.

"Kin cunkusa su, Ma'u," ya ce. "Haka ake shuka? Ki bar kwari a tsakani ruwa ya samu hanya. Wancan mai rami ki ɗora shi bisa biyun nan, kifi na son inuwa."

Na rushe, na sake, na kuma rushewa. Da muka gama sai ga ɗan tudu a dama, da wata ƙofa ta dutse, da fili na yashi a gaba. Ba kifi, ba fure, amma kullum bayan la'asar Baba na zaune a gabansa. Hasken shuɗi na rawa a bango, masarar da ke bayan gidanmu na kaɗawa, shi kuma yana ta ba ni sunayen masuntan da suka daɗe da mutuwa. Wani lokaci har nakan ji kamar ɗakin ne ke lilo a kan ruwa. Sannu a hankali duwatsun suka yi kore da ruwan ƙasa, har da ɗigo-ɗigon ja. Mutumin Legas ya ga hoto ya ce saura kaɗan.

A nan ne Innarmu Hansai ta shigo cikin zancen. Inna mace ce da randa ba ta kwana da gansakuka a gidanta. Tun tana amarya take wanke randunanta da toka da soso, kuma kaf unguwar an san ruwan gidanmu da daɗin sha. Ran wata Juma'a ina makaranta, Baba na masallaci, ta ji za a yi baƙi, ta leƙa ɗakin ta ga kore ya cinye duwatsun. Na dawo na tarar da su a tsakar gida kan tabarma, fari fat, suna shan rana. Akwatin kuma an ɗauraye shi an cika da ruwan rijiya.

"Ai kin huta," ta ce, tana goge hannu da zane. "Wannan dauɗa har ina? Ruwan ma na ɗanɗana, gishiri kamar an yi ɓari."

Na zauna a bakin ƙofa na yi kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa. Haushinta na ji sosai, na kuma rasa ta inda zan kama ta, don abin da ta yi shi ta koya mini tun ina goye. Da na yi mata bayani ta dubi ɗakin Baba, ta ce, "Yanzu sai an sake jira?" Na ce sai an sake.

Muka sake. Sabbin duwatsu suka zo, Inna da kanta ta riƙa tarar ruwan sama, ta kuma hana kowa taɓa gilashin. Kore ya dawo a hankali, ba ya sauri don kowa. Masara ta yi goyo, ta nuna, aka karya. Baba ya fara laluben ƙofa, daga baya ya daina zuwa masallaci sai an riƙe masa sanda.

Murjanin ya iso da kaka, 'yan gutsattsari a ƙulle cikin ledoji, tare da kifi biyu ruwan lemo masu farin zane. Na manna kowane a gurbin da Baba ya zaɓa tun farko. Da farko a dunƙule suke. Wata safiya kuwa na ga sun buɗe, ƙananan furanni kore da ruwan hoda suna kaɗawa duk gefe guda, kifayen na shiga ƙofar dutse suna fita. Na ruga na kamo hannun Baba, na zaunar da shi, Inna na biye da mu.

Ya fuskanci gilashin ya daɗe. Hasken ya mai da farin gemunsa shuɗi.

"To ki kunna fitilar mana, Ma'u," ya ce.

A kunne take. Na juya na dubi Inna. Inna ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna daf da gwiwarsa.

"An kunna, Alhaji," ta ce. "Bari in faɗa maka. Ga wani nan kamar furen kuɓewa, sai buɗewa yake yana rufewa."

Baba ya juyo da fuskarsa wajen muryarta. Can ya laluba ya dafa kafaɗarta.

"Na gefensa fa, Hansai? Wane launi ne?"

Ta matsa fuskarta jikin gilashin, ta share ido da gefen mayafi don ta gani da kyau, ta fara gaya masa.