Yariman Ludlow da Fasfon Fahad

Shekara tara Rumasa'u ta yi tana koyar da tarihin sarakunan Ingila a wata jami'a a Washington, kuma duk shekara sai ta wanke wata mata tas a gaban ɗalibanta. Matar ta fi shekara ɗari biyar a kabari, saboda haka ba ta taɓa ramawa ba.

Ga labarin yadda take ba su. A shekarar 1470 aka tuɓe sarkin Ingila, ya tsere ƙetare. Matarsa da tsohon ciki ta fake a majami'ar Westminster, inda ba a shiga a kama mutum, a can ta haifi magajin sarauta, Edward. Uban ya dawo ya ƙwace mulkinsa. Yaro bai fi shekara uku ba aka kai shi Ludlow, can kusa da Wales, hannun kawunsa, tare da takardar ƙa'idoji daga uban: lokacin tashi, lokacin ibada, karatu bayan karin kumallo, irin labaran da za a karanta masa yana cin abinci, ƙarfe takwas a sauke labulen gado. Yana shekara goma sha biyu uban ya mutu, ƙanen uban ya tare shi a hanyar Landan ya karɓe shi. Uwar ta sake komawa majami'a da ƙaramin ɗanta. Sai manya suka je, babban limamin ƙasar a gaba, suka roƙe ta ta ba da ƙaramin ya taya wansa zama. Ta bayar. Bayan 'yan watanni ba a sake ganin yaran ba.

A nan Rumasa'u kan buga tebur. "Wace irin uwa ce wannan? An ɗauke miki ɗaya, ki miƙa na biyu da hannunki?"

To, ga ta yau ranar Asabar da safe, zaune a bakin kujera a falonta a Fort Washington, da mayafi har gwiwa, da fom ɗin neman fasfon ɗanta Fahad a cinya. Ita ta cike shi da kanta. Ƙarfe sha ɗaya za su je gidan waya, inda ake karɓar fom ɗin, kuma a Amurka ba a ba ƙaramin yaro fasfo sai uwa da uba sun yarda sun sa hannu.

Surukinta hakimi ne a wani gari a ƙasar Kano, ya tsufa, ciwo ya kwantar da shi. Mijinta Misbahu ne babban ɗa, amma ya maƙale a Maryland yana gina gadoji. Sai gida suka zauna suka yanke shawara: tunda uban ya ƙi dawowa, a kawo jikan tun yana shekara huɗu, ya tashi a gidan, gari ya san fuskarsa. Baffa Munzali, ƙanen hakimi, da ya zo ganin likitan ido, shi aka ɗora wa saƙon.

Da azzalumi aka turo mata da ta san yadda za ta yi da shi, don bakinta ba ya mutuwa. Amma Baffa Munzali tsohon hedimasta ne mai sanyin murya. Shi ke ɓare wa Fahad lemo. Yakan tambaye ta lafiyar ɗalibanta, ya saurari amsa. Kwana shida tana cewa "To, Baffa," kuma duk lokacin da ta faɗa sai ta ji ta tsani kanta.

"'Yata, na san abin da ke ranki," in ji Baffa. Ya zaro takarda daga aljihu, ya warware ta a hankali. "Don ki samu natsuwa na rubuta komai. A hannuna zai zauna."

Rubutu ne na hedimastan dā, tsaf kamar an buga. Tashi da asuba. Karatun allo. Koko da ƙosai. Boko. Bayan la'asar a zaunar da shi a zaure ya ji yadda ake gaida mutane, da tarihin kakanninsa. Bayan isha'i a kwanta.

Rumasa'u ta karanta har ƙasa. Ta san wannan takarda, tana raba irinta a aji duk shekara. Abin da bai taɓa zuwa mata ba shi ne fuskar mai kawo ta. Kullum tana zaton mutanen da suka je wurin sarauniyar nan fuskar mugaye gare su. Watakila dattawan kirki ne, masu furfura da tattausan lafazi, waɗanda su kansu sun yarda da abin da suke faɗa. Kunya ta kama ta, ta shekara tara tana zagin matar da ba ta fahimta ba.

Ta ninke takardar, ta miƙa da hannu biyu.

"Baffa, ku gafarce ni. Ba zan sa hannu ba."

Misbahu, da ke tsaye da makullin mota, ya juyo. "Rumasa'u, mun fa yi appointment, ƙarfe sha ɗaya ake jiranmu."

"Ka je kai kaɗai, ka ga ko za su ba ka."

Baffa bai ɗaga murya ba. "Kina ganin zan cuce shi?"

"Wallahi a'a. Da na ga alamar cuta da tuni na ƙi, ba sai na kai yau ba. Kirkinku ne ya ɗaure min baki. Amma Baffa, shekarunku saba'in da huɗu. Ranar da babu ku, babu Mai Girma Hakimi, hannun wa zai faɗa? Gidan nan akwai 'ya'yan baffanni nawa masu ido a kan rawanin nan? Ni kuwa ina nan, jirgi biyu tsakanina da shi."

"Gidanmu ba a taɓa yin haka ba."

"Allah Ya sa kada a taɓa. Amma ba da ɗana za a gwada ba."

"Kin san in bai je ba, sarautar ta bar ɗakin mijinki ke nan?"

"Ta bari. Allah Ya ba mai rabo."

Ita kanta ta ji nauyin maganar. Ba a yi mata tarbiyyar mayar wa babba magana ba, kuma ta san kafin azahar labari zai kai Kano: matar Misbahu 'yar boko ta tsaya a gaban Baffa ido cikin ido. Uwarta ma za ta bugo waya ta yi mata tatas. Ta ji tsoro sosai, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

Fahad yana kan kafet yana tura motarsa ƙarƙashin kujerar Baffa, bai san a kansa ake yi ba.

Baffa ya cire tabarau ya goge. "'Yata, abin nan ba yau aka fara ba. Shi Misbahun da kike aure, yana shekara uku aka karɓo shi daga ɗakin uwarsa aka ba ni. Ni na raine shi. Ki dube shi. Me ya rasa?"

"Ku tambaye shi, Baffa. Ga shi nan."

Duk suka dubi Misbahu. Mutum ne da ko a waya in Baffa ya kira sai ya miƙe tsaye. Ya daɗe yana juya makullin a hannu, sannan ya durƙusa a gaban tsohon kamar yadda ya saba tun yana yaro.

"Ban rasa komai ba, Baffa. Allah Ya saka da alheri, ba ku taɓa bari na yi kukan wani abu ba." Ya ajiye makullin a ƙasa. "Sai dai ranar da Inna ta rasu. Na zo jana'iza, mutane suna ta ba ni haƙuri. Na shiga ɗakinta na zauna, na yi ta neman hawaye, ban samu ba. Ban san ta ba, Baffa."

Tsohon ya daɗe yana kallon kan Misbahu, inda furfura ta fara fitowa. Daga nan ya mayar da takardarsa aljihu, ya ce a hankali, "Ba ka taɓa gaya min ba."

"Ba a taɓa tambayata ba."