Taimama a Bakin Gulbi

Da sunan Allah, wanda Ya saukar da ruwa mai tsarkakewa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Idan damina ta ɗauke, gulbin da ya ratsa kusa da Gidan Amumune yakan bar gurbi ɗaya mai ruwa, nan Cha'ibu makiyayi yake shayar da shanunsa har bazara. A shekaran nan ya ji labari masu lambu na can sama suna ɗauraye famfon feshin maganin ƙwari a ciki. Sai ya ɗebo ruwan a ƙwarya ya kai wa Malam Abdussalamu, limamin garin.

Malam ya duba, ya shinshina, ya kurɓa. Ya ce, "Launi bai sake ba, haka ɗanɗano, haka ƙamshi. Ruwanga mai tsarki ne."

Malam alwala yake nufi. Cha'ibu kuwa ya ɗauka an ce masa a sha lafiya, ya kora garke ya shayar. Kafin Juma'a ta zagayo shanu suka fara dalalar da miyau, karsanar matarsa Kubra ta faɗi ba ta tashi ba.

Wani ma'aikaci mai suna Baffa ya zo daga meri, ofishin magajin gari, ya cika kwalba ya tafi. Da ya komo ya ce dafin ya wuce ƙa'ida, an hana shayarwa sai an kwashe laka.

Cha'ibu ya ce, "Ranka ya daɗe, wa za ya kwashe?"

"Masu amfani da ruwan."

Mas'udu, babban masu lambu, ya ce, "To, mu dai rijiya muke sha. Baffa, kai ka san mai shanu a nan."

Rijiyoyin kuwa suna tsakiyar lambuna, an kewaye su da ƙaya.

Washegari Cha'ibu ya shiga laka har gwiwa da shebur, shanu na tsaye a gaɓa suna kallon ruwa suna kuka. Da azahar Malam ya iso da nasa shebur, duk da tsufa, ya ce, "Cha'ibu, ka tambaye ni abu guda, na amsa maka wani."

Suka dubi faɗin gurbin, suka dubi ɗan abin da aka kwashe. Sannan Malam ya buga tafukansa a kan rairayi, suka yi taimama, ruwa na gabansu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya shayar da mai karanta wannan daga tafkin Alkausara. Amin.