Bayan Farin Zani

"Kafin mu fara," in ji matar da ke cikin allon kwamfutar, "ɗaga na'urar ka zagaya da ita in ga ɗakin gaba ɗaya. Ƙa'idar kamfani ce, dole mai neman aiki ya kasance shi kaɗai."

Auta ya gyara zama. Wannan ne matakin ƙarshe. Ya tsallake gwajin rubuta manhaja, ya tsallake injiniyoyin da suka yi ta jefa masa tambayoyin ƙure. Saura ya warware matsala ɗaya a gaban matar nan, tana kallon kowane layi da zai rubuta. Ya san dokar, ya kuma san dalilinta: wasu kan zaunar da aboki inda kyamara ba ta kaiwa, yana raɗa musu amsa. Bai dai taɓa zaton za a ce sai an gani da ido ba.

A bayansa akwai farin zanin gado da ya rataya a igiya, ya goge shi sumul don ya yi kama da bango. A bayan zanin kuwa Baba ne kwance. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye suke zaune a ɗakin nan su biyu. Yaya ta yi alkawarin zuwa su kama shi su kai ɗakin maƙwabci, sai ta bugo waya ta ce an hana ta fita daga wurin aiki.

"Yi harkarka, Auta," Baba ya faɗa ɗazu, da harshensa mai nauyi. "Wanda rabinsa ya riga ya tafi, yin shiru ne zai gagare shi?"

"Kana ji na?" matar ta tambaya.

"Ina ji, ranki ya daɗe."

Ya miƙe da kwamfutar a hannu. Ya nuna ƙofa, ya nuna taga, ya nuna kantar littattafai, yana jan ƙafa kamar mai fatan ta gaji.

"Bayan labulen fa?"

Ya ja zanin.

Baba ya ji komai ashe. Da hannunsa mai lafiya ya jawo bargo ya lulluɓe kansa ruf, har ƙafa, ya miƙe sambal.

Matar ta yi dariya. "Tulin wanki? Kada ka ji kunya, nawa ya fi haka. Zauna mu fara."

Ya tsira ke nan. Ya saki zanin, ya zauna, tambayar ta bayyana a allo: a tsara hanyar da saƙonni za su bi layi ba tare da ɗaya ya ɓata ba. Ya san amsar, ya sha yin irinta. Amma idonsa na kan haruffa, zuciyarsa na kan bargon. Haka aka lulluɓe Inna a asibiti ranar da ta rasu, ruf har ƙafa. Kuma likita ya gargaɗe su cewa ciwon idan zai dawo ba ya sallama. Ya kasa kunne. Ko tarin da Baba ba ya rabuwa da shi babu, ko motsin katifa. Shirun alkawari ne wannan, ko ɗaya shirun?

"Faɗa min abin da kake tunani," in ji matar. "Muna son jin yadda mutum ke lissafi."

Sai ya tashi, ya yaye zanin, ya fizge bargon.

Baba ya jiƙe sharkaf da gumi, idanunsa a buɗe, yana harararsa.

"Kai wane irin sakarai ne?" ya raɗa. "Ta fa ce wanki ne!"

Auta ya juyo da kwamfutar.

"Ba wanki ba ne, ranki ya daɗe. Mahaifina ne. Ba ya iya tashi, ni kuma ba ni da wani ɗakin."

Dariyar ta bar fuskar matar. Ta kalli Baba, sannan Auta ya ji ƙarar madannan kwamfutarta.

"Dole in sanar da na sama da ni. Ba ni ke yanke hukunci ba. Lokacinka na tafiya."

Ya zauna, bai mayar da zanin ba. Ya ɗora yatsunsa ya fara rubutu. A bayansa Baba ya saki tarin da ya daɗe yana riƙewa, ya yi ta yi, har da tsaki.