Fatar da Majemi Ya Hana Ƙasa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, mun baza kunne.

Wani tsohon majemi ne da bai yarda da yatsunsa ba. In ya gama jima, sai ya goga fatar a kumatu. Wai hannu ya yi kanta, fuska ce ba ta ƙarya.

Wata safiya saniyar maƙwabcinsa ta faɗi matacciya, alhali jiya lafiyarta lau. Baƙin jini na tsiyaya daga hancinta, ya ƙi daskarewa. Likitan dabbobi ya tsaya daga nesa ya ce, "Ciwon saifa ne, kuma ƙwayarsa na kama mutum. Kada wuƙa ta taɓa ta. A binne ta da fatarta."

Majemi ya ce a bar masa haƙan ramin. To, kun san mai sana'a. Shekara arba'in bai taɓa ganin fata ta shiga ƙasa ba. Da mutane suka watse, ya feɗe ta.

Fatar ta jemu luƙui. Ya goga a kumatu, daidai inda aska ta ɗan yanke shi.

Kwana uku, matarsa ta ga ƙurji. "Malam, tsufa ne ya kawo maka ƙurajen samartaka?"

"Ke dai kishi kike, tsohuwa. Ko zafi ba ya yi."

Rashin zafin nan ne ya hana ta sukuni. Tsakiyar ƙurjin ya yi baƙi wuluk kamar gawayi, fuska ta kumbura har ido ya rufe. Ta leƙa rumfar jima, ta ga fatar a rataye, mai farin goshi. Ta gane saniyar.

"Mu tafi asibiti, Malam."

"In na je, sai na faɗi abin da na yi. Da wane ido zan dubi maƙwabci?"

Ta rufa masa asiri kwana biyu, tana dafa masa ruwan zafi. Ran na uku ta yafa mayafi ta je asibiti ta faɗa da bakinta.

Kwana biyun nan su suka ci shi. Majemi ya rasu a asibiti. Matar ma ta kamu, ta sha magani ta rayu, amma ba ta sake shiga rumfar ba. Fatar an ƙone ta. Maƙwabci ya kewaye wurin fiɗar da waya, don likita ya ce ƙwayar na shekara da shekaru a ƙasa tana jira, ya kwashe sauran shanunsa ya bar unguwar.