Bidon da Ya Kumbura

Malam Muttaƙa yana zaune a zaure da hantsi, yana gyaran igiyar tasbaharsa, sai matarsa Shatu ta shigo da kofin silba, ta ajiye a gabansa. A bayanta 'yarsu Wasila ce, idonta ya yi ja.

Wasila mai son gwaje-gwaje ce tun tana ƙarama. Zoɓo da kunun aya kowa na yi, ita kuwa so take a sha abinta a tambayi wa ya haɗa. Surukinta, uban mijinta, ya dawo daga Makka, za a yi walima bayan la'asar, malamai har daga Tsarnawa. Sai ta jiƙa tsamiya, ta niƙa mangwaro da dabino, ta zuba sukari kamar ba saye ake ba, ta ɗiga ɗan ƙamshin da ake sa wa kek, ta cika bido, jarkar roba, ta sa a firji. Wuta kuwa ta ɗauke a Malbaza, kwana uku cur. Yau da ta buɗe, bidon ya kumbura, ya yi huci, kumfa ta taso.

Matan gidan mijinta duk sun kurɓa, sun ce ai ya fi ranar farko daɗi. Wata tsohuwa ce kaɗai ta ce anya abin nan bai juye ba? Kaf gidan kuwa ba wanda ya taɓa ganin giya ko a kwalba. A zubar, a yi asarar wahala, a kuma ji kunyar baƙi. A bayar, wataƙila a shayar da limamai haram.

Shatu ta gama bayani ta ce, "Malam, taɓa muna ka ji."

Muttaƙa ya dubi kofin. Shekara ashirin ya yi yana jan motar siminti, Malbaza zuwa Yamai, wani lokaci har Kwatano. Abin da ya sha a hanya, a hanya ya bar shi. Ya tuba tun Wasila tana goye, ya ajiye tuƙi, yanzu shi ke kiran sallar asuba a masallacin unguwa. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, Shatu ma da ta tambaye shi sau ɗaya a ƙuruciya, rantsuwa ya yi mata. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a ranar da birki ya ƙwace masa a gangara.

Tun kafin kofin ya kai baki hancinsa ya ba shi labari. Duk da haka ya kurɓa. Zaƙin dabino ne ya fara zuwa, mai kauri, sai mangwaro, sai tsamiya ta kama gefen harshe ta matse. Yarinyar ta iya, wannan ba ko shakka. A ƙarshe sai ga ɗan tsikari a kan harshe, da wani ɗumi da ya gangara maƙogwaro a hankali, kamar baƙon da ya san hanyar gida. Ya yi niyyar tofarwa, sai ya tarar ya riga ya haɗiye.

Yana iya cewa shi bai san komai ba, a tambayi likita. Yana iya cewa lemo ne kawai ya yi tsami. Ba wanda zai ƙaryata ladan. Amma ya hango liman da kofi a hannu yana bisimilla, ya hango sunan 'yarsa a bakin mutane in wani direba a cikin baƙi ya gane.

Ya ture kofin gefe. "Ki tuntsure shi duka a rariya, Wasila. Giya ce. Ba ta yi ƙarfi ba tukuna, amma ita ce."

Wasila ta buɗe baki za ta yi tambaya, ta dubi fuskar ubanta, ta fasa. Ta fita da sauri, don ko zoɓo ne a samu a dafa kafin azahar.

Suka rage su biyu. Muttaƙa ya ɗauki buta ya kurkure baki sau uku, ya daɗe yana goge gemu. Sannan, bai ɗago ba, ya ce, "Ba ki tambaye ni ina nis san ta ba."

Shatu ta ɗauki kofin, ta watsar da sauran a ƙasa.

"Malam, wa ka wanke rigunanka in ka komo daga Kwatano?" in ji ta. "Gidan liman ya fi kusa da su. Ni nic ce ta kawo nan."